Gasar mutum-mutumi ba wasan banza ba ce

Sau da yawa ina jin iyaye a Agege da Idi-Araba da ke Legas suna cewa gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗalibai wasa ce kawai kamar ƙwallo, tana cinye lokacin shirin WAEC. Damuwarsu tana da tushe, kuɗin makaranta ba daga sama yake faɗowa ba, kuma daga nesa abin ya yi kama da wasa: fili, alƙali, ihun 'yan kallo.

Wannan kamar da gangan aka yi ta. Dean Kamen, wanda ya kafa FIRST, ƙungiyar da ke shirya irin wannan gasa, a Amurka a 1989, ya aro tsarin wasanni ne don yara su so kimiyya yadda suke son ƙwallo. Amma abin da ake aunawa daban ne. A FIRST LEGO League, ɗaya daga cikin gasannin ƙungiyar, zagaye ɗaya minti biyu da rabi ne, sannan alƙalai su zauna da yaran su tambaye su yadda suka tsara na'urar, da binciken da suka yi, da yadda suka haɗa kai.

Ɗauki yarinyar da na'urarta ke karkata hagu kullum. Dole ta gano ko taya ce ta kwance, ko lissafin juyawar ne ya kuskure, ta gyara, ta sake gwadawa. Lissafi da fiziks ɗin da ke jiranta a jarrabawa ke nan, sai dai a hannunta suke. Ƙwallo tana gina jiki da juriya, kuma 'yan kaɗan ne ke cin abinci da ita. Wadda ta iya gano matsalar na'ura kuwa, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja aiki na jiranta.