Ribar lambun gida ba ta aljihu kaɗai ba ce

Na karanta wani rubutu kan lambun gida, inda marubucin ya fi tsayawa kan kuɗin cefane da lambun ke ragewa. Haka ne, amma ni ba shi ya riƙe ni ba. Tsohon bokiti na huda wa gindi na shuka tumatir, na ajiye inda rana ke bugu aƙalla awa 6. Da farko na cika masa ruwa har ganyen ya yi rawaya, sai na koyi tsoma yatsa a ƙasar tukuna. Ranar da ɗan fari ya nuna, kamar an yi min kyauta! Yanzu da safe can nake fara leƙawa kafin in taɓa waya. Na'a-na'a kuwa ku ware mata tukunyarta, mamaye wuri take yi.