Ciyarwar Azumi Ta Wuce, Kuɗin Jarrabawa Ya Zo

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

'Yan'uwana mutanen Zazzau, wannan tunatarwa ce gare ni da ku. Ba wanda zai ce mutanen garin nan ba su da kyauta. In watan Ramadan ya kama, daga Ƙofar Doka har Samaru, da wuya ka sami masallacin da ba a kai masa kunu da ƙosai da dabino. Masu hali suna raba shinkafa da gero, ana ɗinka wa marayu kayan sallah. Allah Ya saka da alheri, Ya karɓa. Amma da an sauko Idi sai hannu ya koma aljihu, kamar an rufe littafin lada sai baɗi. Marayan da aka ɗinka wa shadda kuwa yana nan. Bayan sallah za a koma makaranta, shi ba zai koma ba, saboda takalmi da littafin rubutu da 'yan kuɗin da aka ce a kawo.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a Zariya shi ne irin garin da muke ciki. Tun kafin zuwan Turawa ake niƙo gari daga nesa a zo ɗaukar karatu a zaurukan Kona da Juma. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, a nan ta zauna tun 1949. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ga reshenta na Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin Alhudahuda, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Ɗan Legas da ɗan Inugu da ɗan Maiduguri suna zuwa su yi shekara huɗu ko biyar su tafi da digiri. Yaron da aka haifa a bayan katangar jami'ar kuma, iyakarsa bakin ƙofa, yana tallan fiya wata ko yana yi wa ɗalibai dako. UNICEF ta daɗe tana cewa yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta sun haura miliyan 10, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Mukan karanta adadin mu girgiza kai, mu manta cewa wasu daga cikinsu a layinmu suke kwana, mun san iyayensu, wasu ma mun halarci sunansu.

Za a ce ai karatu kyauta ne. A doka haka ne: tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe gida ya san kyautar ba ta haɗa da yunifom ba, ba ta haɗa da kuɗin tara ba, ba ta haɗa da kuɗin mota ba. Ga bazawara mai 'ya'ya biyar da ke sayar da awara a ƙofar gida, farantin tallan da yarinya za ta ɗauka da safe shi ne tuwon dare. In ta tura ta makaranta, me za a ci? Sannan ga babban shingen da ke jiran yaro a ƙarshen sakandare, wato kuɗin WAEC da NECO da JAMB. Sau nawa muka ji yaro mai ƙoƙari, wanda ke zuwa na ɗaya ko na biyu a ajinsu, ya kai aji shida ya tsaya cak saboda an rufe rajista mahaifinsa bai haɗa kuɗin ba? Shekara goma sha biyu na karatu sun tafi babu takarda. Bayan shekara biyu ka gan shi a kan babur yana acaɓa, in an yi sa'a ke nan. In ba a yi sa'a ba ka gan shi a lungun da ake shaye-shaye, mu kuma mu hau mumbari muna tsine wa matasan zamani.

A cikin unguwanninmu akwai waɗanda suka ga wannan suka kasa yin shiru. Ƙungiyoyin sa-kai nake nufi, irin waɗanda matasan unguwa ke kafawa, ko tsofaffin ɗaliban wata makaranta, ko matan da suka haɗu a islamiyya. Yawancinsu ba su da ofis, ba su da mota mai tambari. Wani ya gama digiri yana jiran bautar ƙasa, sai ya tara yaran layinsu da yamma yana koya musu lissafi da Turanci a ajin da aka ara musu. Wata malamar asibiti ce, duk wata tana cire wani abu a albashinta don 'yan mata uku su ci gaba da zuwa aji. Su ne kuma za ka gani da shebur da baro suna yashe kwata kafin damina, su ne ke bin gida-gida ana karo-karo a gyara famfon burtsatse in ya lalace. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa mutuwa don rashin niyya. Abin da ke kashe su shi ne kuɗin da ke shigowa sau ɗaya a shekara, alhali bukatar yaro kullum ce.

Manzon Allah (SAW) ya ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mun haddace hadisin nan tun muna yara. Ku dubi wanda ya ɗauki nauyin karatun yaro: biyun farko ya same su kai-tsaye, na ukun ma ba a cire masa tsammani ba, domin wanda ka tsaya masa ya zama mutum da wuya ya manta da kai a sujada. Kuma Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna. Ɗaukar nauyi ya faɗa, abin da ake yi yau a yi gobe har yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Na san akwai mai cewa a ransa: wannan ai boko ne, ni in zan yi don Allah gara in sa a masallaci. Ɗan'uwa, gina masallaci falalarsa tabbatacciya ce, ba mai musun ta. Amma a wasu layukan masallatai sun yi kusa da juna har kiran sallarsu na shiga na juna, ga kuma makarantar firamare a gefe yara na zaune a ƙasa, rufi na yoyo. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansar kansu amma sun iya rubutu, fansarsu ita ce kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Mushirikai ne fa a lokacin, ba Alƙur'ani suka koyar ba, rubutu ne zalla, kuma Annabi (SAW) ya karɓe shi a madadin dukiya a lokacin da Musulmi ke tsananin bukatar dukiyar. Mu da muke ƙorafi in an kai matanmu asibiti namiji ne zai duba su, daga ina likita mace za ta fito in mun bar 'ya'yanmu mata da farantin talla? Malamai sun sanya irin waɗannan fannoni cikin farillan kifaya, in al'umma duka ta bari, duka ta yi laifi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa tsari ta kafa, na 'Yan Taru, tana horar da jajis, wato mata jagorori, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. In ka duba da kyau, aikin ƙungiyar sa-kai ne tun kafin a san sunan.

To yaya za a bayar? Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, haka ya zo a Bukhari da Muslim. Mutum 50 a unguwa, kowa ya ɗaure wa kansa naira 1,000 duk wata, an sami 50,000 a wata, 600,000 a shekara. Ba za ta gina makaranta ba, amma kuɗi ne da ƙungiya za ta iya yin lissafi a kansa, ta ce wa uwa: bar yarinyar nan ta zo aji, mun ɗauke miki littafi da yunifom har ƙarshen shekara. Alkawarin da ba a san inda kuɗinsa zai fito ba, ba a iya yin sa. Masu hali sosai kuma su tuna da Sayyidina Umar (RA), da ya sami fili a Khaibar ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Wannan shi ne waƙafi. Shago ɗaya a Sabon Gari ko Tudun Wada, ko ɗakunan haya a Samaru inda ɗalibai ba sa yankewa, in aka tsayar da kuɗin hayarsu a kan karatun marayu da rubutu da shaidu, mai shi zai shekara ɗari a kabari ana biya wa yara jarrabawa da sunansa. A kula da bambanci ɗaya: zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Ɗalibi matalauci yana cikinsu saboda talaucinsa. Amma ginin aji da allo da alawus ɗin malami, wannan wurin sadaka ne da waƙafi, kada a cakuɗa.

Yanzu ku masu ƙungiyoyi, ku ma da taku, kuma taku ta fi nauyi. Dukiyar maraya ce a hannunku, kun san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ce a kan masu cin ta da zalunci: wuta suke ci a cikkunansu. Ba sai mutum ya sace a fili ba. A sa kuɗin ƙungiya a asusun shugaba na kansa, a ce za a ranta a mayar, a sa ɗan ƙanin ma'aji a jerin marayu alhali ubansa na raye yana da shago, duk ta nan ɓarna ke shigowa. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, in kun kai, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda mutum ɗaya ba ya iya cire kuɗi shi kaɗai, ku riƙa biya kai-tsaye a makaranta ku karɓi rasit, ku karanta wa jama'a lissafi ko ba su tambaya ba. Mutanenmu sun sha cuta a hannun masu yawo da takardar neman taimako, shi ya sa hannunsu ya yi nauyi. Ba laifinsu ba ne in sun ce a nuna musu.

Sai maganar hoto, wadda ta zama annoba. A tara marayu a rana, a ba kowa jaka da littafi shida, a sa su ɗaga sama, a ɗauka a watsa a Facebook da sunan unguwarsu. Yaron nan gobe zai shiga aji, abokansa sun gani a wayar yayyensu. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Gaskiya ne masu ba da kuɗi suna son shaida, kuma aya ta 271 ta halatta bayyana sadaka, ko da yake ta ce ɓoyewa ya fi. To a nuna rasit, a nuna ajin da aka gyara, a nuna kayan a jibge. Fuskar yaro ba ta cikin abin da aka saya da jakar. Haka kuma in lokacin siyasa ya zo, ku yi hattara da mai kawo gudunmawa da sharaɗin a manna fostarsa a bayan rigar yara. Ranar da ya faɗi zaɓe, ƙungiyarku ta faɗi tare da shi, rabin unguwa kuma sun riga sun janye tun ranar da suka ga hoton.

Kada kuma a ɗauka duk yaro sai ya shiga jami'a. Wani hannunsa ne mai kaifi. Birnin nan an san shi da ɗinkin hannu na manyan riguna, ga kafinta, ga walda, ga gyaran waya. Almajirin da ya sauke, ya kai shekara goma sha bakwai ba shi da sana'a ba ya karanta boko, shi ma ɗanmu ne. A kai shi wurin mai sana'a da yardar malaminsa, a biya masa kuɗin koyo, a haɗa masa da darasin karatu da lissafi na yamma, don ya iya rubuta sunan mai kaya da abin da ake binsa.

Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya je makarantar gwamnati mafi kusa da gidansa, ya gaisa da hedimasta ko shugaban makarantar, ya tambaye shi yaran da suka daina zuwa a zangon nan da dalilinsu, da 'yan aji shida da har yanzu ba su biya kuɗin jarrabawa ba. Malamai sun san su ɗaya bayan ɗaya, da yawa ma daga ɗan albashinsu suke rufa wa wasu asiri ba tare da sun faɗa wa kowa ba. A je da wuri, don in an rufe rajista sai wata shekara, kuma ba kowane yaro ne ke dawowa bayan shekara guda a gida ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya biya waɗanda ke koyar da 'ya'yan mutane da yamma ba ko sisi. Amin.