Bakteriyar da ake zubawa a mafitsara don yaƙar ciwon daji

Duk bayan 'yan watanni sai labari ya sake yawo a Facebook da WhatsApp cewa masana sun gano bakteriya mai cinye ciwon daji. Wasu su yi kabbara su tura wa dangi, wasu su ce tatsuniyar Turawa ce. Ni dai a ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Akwai ƙwayar bakteriyar da aka haura shekara 40 ana yi wa masu daji magani da ita, kuma yawancinmu muna yawo da tabonta a dantse.

BCG nake nufi, wato allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. Wasu Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, su suka ɗauki ƙwayar tarin shanu suka yi ta renonta suna rage mata dafi har tsawon shekara 13, aka fara ba ɗan adam a 1921. Sai a 1976 wani likitan mafitsara a garin Kingston na Kanada, Alvaro Morales, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi wa mutum 9 masu dajin mafitsara, inda ya riƙa zuba musu BCG ɗin kai tsaye cikin mafitsara. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar.

Ga yadda ake yi. Da farko likita zai kankare ƙarin da ya tsiro a bangon mafitsara. Bayan wurin ya warke, sai a zura siririyar roba ta mafitar fitsari a zuba maganin, mutum ya riƙe shi kamar awa biyu kafin ya fitar. Sau ɗaya a mako, har mako shida, wasu kuma a ci gaba da yi musu jefi-jefi. Bakteriyar ba cinye ƙarin take yi ba. Tsokanar garkuwar jiki take yi, kamar a yi ihun ɓarawo a unguwa, 'yan banga su fito, su yi kiciɓis da wani ɓarawon da ya daɗe yana laɓe ba a sani ba. Kuma abin ba daɗi gare shi ba: akwai zafin fitsari da zazzaɓi, wani lokaci ma ƙwayar ta tsallaka cikin jiki har sai an sha maganin tarin fuka. Shi ya sa ba a yi wa wanda garkuwarsa ta yi rauni.

Asalin tunanin ma ya girmi BCG. A 1891 wani likitan tiyata a New York, William Coley, ya fara yi wa masu daji allurar bakteriya da gangan, bayan ya ga labarin wani majiyyaci da ƙarinsa ya ɓace sakamakon mummunan zazzaɓin ciwon fata. Wasu sun samu sauƙi, wasu ciwon da aka sa musu ne ya kashe su, har ya koma amfani da matattun ƙwayoyi. Da aka samu gashin daji da radiyeshin, sai aka jingine aikinsa.

To me ya rage na sabbin labaran? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsakiyar babban ƙari ba ya samun isasshiyar iskar oksijin, kuma akwai bakteriya irin su Clostridium da suka fi son irin wannan wuri. An gwada su a kan ɓeraye da karnuka da mutane ƙalilan. An kuma gwada Salmonella da aka raunana a kan mutane a Amurka, sakamakon da ya fito a 2002 bai nuna ƙari ya ja da baya ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da kwalbar bakteriya mai warkar da kowane irin daji, kuɗinka yake so. Allurar da aka yi maka kana jariri ma ba katanga ba ce daga daji, aikinta daban.

Shi kansa BCG ɗin yana da iyaka, kuma nan ne abin ya fi damuna. Yana aiki ne a kan dajin da bai nutsa cikin naman bangon mafitsara ba, wato wanda aka gano da wuri. Ga shi kuma yana ƙaranci a duniya tun da masana'antar Sanofi ta Toronto ta dakatar da yin sa a 2012. In likitocin Amurka suna raba kwalba ɗaya tsakanin majiyyata, ina ga namu?

Sannan mu a nan muna da tsargiya. Yaro ya yi wanka a kududdufi ko dam inda dodon koɗi ke ɗauke da tsutsar, ya fara fitsarin jini, a wasu ƙauyuka har a ce alamar girma ce. Ƙwayayen tsutsar nan suna maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma an tabbatar suna haddasa daji. Irin dajin da tsargiya ta fi kawowa ba shi ne wanda BCG ke yi wa aiki ba, kuma galibi sai ya yi nisa ake zuwa asibiti. Alhali ƙwayar praziquantel da ke kashe tsutsar kyauta ake raba ta a makarantu, wasu iyayen ma hana 'ya'yansu sha suke yi.

Shi kuwa babba da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, kada ya tsaya a kemis ana ba shi maganin sanyi. Ya nemi likitan mafitsara a leƙa ciki da kyamara.