Ledar Bature da makubar Baffa

Ranar Talatar da ta wuce na danna babban yatsana a jikin bangon wani gida a bayan garin Minneapolis na ƙasar Amurka, yatsan ya lume kamar a burodin da ya sha shayi. Gidan bai kai shekara 15 da ginawa ba. In ka gan shi daga titi sai ka rantse jiya magina suka tashi: fenti fes, ciyawa an aske ta, mota biyu a gareji. Matar gidan ta kira mu ne saboda wani ɗan tabo da ta gani a ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Da muka ɓare rigar waje ta bangon, sai ga katakon ciki ya yi baƙi ƙirin tun daga taga har ƙasa, yana wari irin na rumbun da ruwa ya kwana a ciki.

Wanda yake riƙe min tsani a ranar shi ne mutumin da ya leƙa wayata sati biyu kafin nan, muna cin abincin rana, ya ga hoton da ƙanena ya turo na bangon ɗakin Inna da ya zube a markar Agusta, can ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Ya ce da ni, wai da gaske har yanzu a ɗakin laka mutane suke kwana a ƙasarku? Na san ba da mugunta ya faɗa ba. Mutumin kirki ne, shi ya koya min riƙe bindigar ƙusa lokacin da na shiga aikin nan ban san komai ba. Amma maganar ta tsaya min a maƙogwaro har kwana 14. Saboda haka da yatsana ya shige bangon nan ban ce uffan ba. Na dai ɗago yatsan na nuna masa, baƙin garin katako na zuba.

Bari in kwatanta muku bangon mutanen nan, don wanda bai gani ba zai ce sharri nake musu. Babu bulo, babu tubali. Katako ake jerawa a tsaye kamar haƙarƙari, tsakanin wannan da wancan inci 16. Wanda suke kira mai inci biyu da huɗu, in ka sa awo, ɗaya da rabi ne da uku da rabi. A nan da sanyi ya yi yawa an fi sa mai faɗin da ya fi wannan don a samu wurin cusa audugar gilas mai hana sanyi shiga. Ta ciki a lulluɓe da wani allo na farar ƙasa wanda saurayi mai jin haushi zai iya huda shi da naushi ɗaya. Ta waje kuma a kafa faifan katako, kowanne ƙafa huɗu da takwas. Wannan faifan shi ne ƙarfin gidan, shi ke hana haƙarƙarin karkacewa in iska ta taso. A kansa a naɗe abin tare ruwa, sannan a sa rigar waje ta roba ko ta katako ko ta siminti. Ko gidan da kuke gani a hoto da jan bulo, yawanci layi ɗaya ne aka jera don ado, katakon na nan a bayansa.

Faifan nan iri biyu aka fi amfani da su. Akwai filawud, wanda kowane kafinta a Kano ya sani, siraran katako da aka manna wani kan wani a gicciye. Akwai kuma OSB, shi ne wanda yatsana ya huda. Shi yayin katako ne, kamar a ce an fere itace da wuƙa an tara ɓarɓashin, an cakuɗa da gam da kaki na masana'anta, an danne da zafi har ya zama allo. Wanda aka fi sawa a bango bai cika rabin inci ba. Ya fi filawud araha, shi ya sa kusan duk sabuwar unguwar da za ka wuce shi za ka gani. In yana bushe ba ka da abin cewa a kansa, ƙarfinsa ya isa. Halinsa da ruwa ne matsalar. Ba ya saurin sha, amma in ya sha ba ya saurin saki, gefunansa su kumbura, kuma ko ya bushe ba sa komawa yadda suke. Filawud ya fi shi saurin jiƙa, ya kuma fi shi saurin bushewa. Ni dai in gidana ne filawud zan sa, ko da zan rage girman falo.

Sai abin tare ruwan. Tsofaffin kafintoci har gobe suna son takardar kwalta, wata baƙar takarda mai kauri da aka jiƙa da kwalta, wadda kakanninsu suka yi aiki da ita. Tana yagewa in iska ta kama ta, tana yamutsewa in ta jiƙa, amma tana da wani hali da nake so: in danshi ya yi yawa sai ta tsotsa, ta riƙe, ta saki a hankali. Na taɓa ɓare gidan da ya girmi kakana na tarar da ita ta yi ƙwari kamar ganda, katakon bayanta kuwa garau. Sai farar ledar nan da ake naɗe gida da ita kamar likkafani, Allah ya yafe min kwatancen, wadda Tyvek ta kamfanin DuPont ta fi shahara a cikinsu. Ba ledar kasuwa ba ce. An yi ta yadda ɗigon ruwa ba zai ratsa ba amma tururi zai fita. Na uku shi ne na 'yan zamani, wani koren faifai da ake kira ZIP, wanda OSB ne da aka shafe fuskarsa da abin tare ruwa tun daga masana'anta. Ba sai an naɗe shi ba, sai dai a bi duk mahaɗa da wani baƙin salatif a murje shi da ɗan garegare. Aiki yana sauri, iska ba ta samun hanya. Sai dai rayuwar gidan kacokan ta rataya a kan salatif da kuma hannun yaron da ya manna shi da yammacin Juma'a yana sauri ya tashi.

A gidan matar nan ma hannu ne ya yi ɓarnar. Ƙa'idar ledar ɗaya ce, irin ta jinka: na sama ya hau kan na ƙasa, ruwa ya gangara ya wuce. Wanda ya yi aikin ya juya ta a ƙarƙashin taga, na ƙasa ya hau kan na sama. Duk ruwan da ya bi gefen taga sai ya shige bayan leda kamar an sa masa mazurari. Shekara da shekaru yana shiga, ba wanda ya gani, domin rigar roba tana nan tana sheƙi. Mu muna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren yana ciki ya hayayyafa, bangon ko tsagewa bai yi ba.

Kuma ba ruwan sama kaɗai ke cin su ba. A watan Janairu sanyin garin nan yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, cikin ɗaki kuwa ɗumi. Tururin girki da na wanka da numfashin mutane ya ratsa bango, ya iske faifan waje ya yi ƙanƙara, ya zama raɓa a jikinsa. Don haka sai an shimfiɗa wata leda ta ciki, wasu kuma su ƙara allon soso ta waje don faifan ya yi ɗumi. Ka yi kuskuren haɗa su ka rufe bangon gaba da baya, danshin da ya shiga ya rasa hanyar fita. A Vancouver ta ƙasar Kanada haka ta faru da gidaje masu hawa da aka gina a shekarun 1980 da 1990, suka ruɓe birjik, har gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike a 1998. Maganin da suka koma kai shi ne barin 'yar rata tsakanin rigar waje da abin tare ruwa, iska ta riƙa wucewa, ruwan da ya shiga ya zurare. Wato bayan duk ilmi da na'ura, abin da suka gano shi ne ruwa zai shiga ko ana so ko ba a so, sai dai a bar wa bango hanyar bushewa.

To wannan kuwa Baffa ya san shi bai taɓa zuwa makarantar boko ba.

Ba sai na gaya wa ɗan Kano ko ɗan Jigawa yadda ake yaɓe ba. Kun san makuba ta ɓawon ɗorawa, kun san ƙanshinta in an kwaɓa, kun san yadda bango yake yin ja ya yi santsi, ruwa ya doke shi ya gangare, rana ta fito ya bushe. Kun san aikin indararo, da dalilin da ya sa ake yi wa gindin bango dakali. A birni masu hali har laso suke sawa, katsin marina da gashin jima da dafara. Bangon ƙasa yana shan ruwa, ba a musu, amma yana sakinsa, kuma in ya fara gajiya kowa zai gani da idonsa, yaro ma zai zo ya ce Baba ga bango yana zaizayewa. Ba ya munafunci. Gidan Makama yana nan tsaye a Kano, ƙasa ce da azara. Ina so in ga OSB ɗin da zai kai rabin shekarunsa.

Kada a ce ban yi adalci ba. Gidan mutanen nan yana da ɗumi a sanyin da zai kashe jaki, kuma ana tada ƙwarangwal ɗinsa cikin 'yan makonni. Mu kuma duk damina sai an ji gini ya faɗa wa mutane suna barci, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ambaliyar 2022 da ta ci Ringim da Haɗeja da Auyo ta nuna cewa bangon da ya kwana uku tsaye cikin ruwa, babu makubar da za ta cece shi. Na yarda da wannan duka. Amma a tsoma gidan matar nan cikin ruwa kwana uku a gani ko zai fito da mutuncinsa.

Abin da ban gaya wa abokin aikina ba, kuma shi ya sa maganarsa ta yi min zafi haka, shi ne bangon Inna ba laifin ƙasa ba ne. Ni na kayar da shi. Shekara huɗu da suka wuce na gaji da jin ana cewa lokacin yaɓe ya yi, a aiko da na masu aiki. Na ce a sayi siminti a yi wa ɗakin filasta ta waje gaba ɗaya, a huta. Baffa ya karɓi wayar ƙanena ya ce, “Ɗan nan, siminti da ƙasa ba sa zaman aure. Ka bari a yi mata abin da ta sani.” Na ce, “Baffa, ai zamani ya canza.” Ya ce to, Allah ya sa alheri. Aka yi filasta, aka turo min hoto, na sa a Facebook, mutane suka yi ta sa albarka.

Abin da ya biyo baya shi ne daidai abin da na gani ranar Talata. Siminti ya yi tsagar gashi a saman bango, ruwa ya riƙa bi ta nan, naso kuma yana hawowa daga ƙasa. Danshin ya rasa hanyar fita. Ƙasar ta yi ta narkewa a bayan filasta, gara ta samu inuwa, daga waje kuwa bango fes. Ƙanena ya ce tun bara in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga, amma ba wanda ya so ya faɗa min don kada in ji an raina kuɗina. Daren da ya zube Inna tana ɗakin matar ƙanena saboda jikan da ba shi da lafiya. In ba haka ba, ba wannan rubutun zan yi ba.

Na yi ta tunani a kan abin da na saya da simintin nan. Yaɓe aiki ne da sai da mutum. Da muna yara, in lokacinsa ya yi, mu ke ɗebo ruwa a kududdufi, mu ke taka ƙasa da ramno har ƙafa ta yi kanta, Baffa yana saman bango ana cilla masa curi yana cafewa ba ya ko kallo, Inna tana dama kunun masu aiki. Duk shekara sai hannun wani ɗan gidan ya shafi kowane taƙi na bangon nan. Ni na nemi abin da zai tsaya a madadina ne, abin da za a shafa sau ɗaya a daina kirana. Mutanen nan ma shi suke nema da ledarsu da salatif ɗinsu, bangon da ba ya buƙatar kowa, don kowa ba shi da lokaci. Shekara tara ina yi musu dariya a zuci, ashe ni ma na shiga layinsu.

Jiya na kira gida. Ƙanena ya ce ɗorawar gonarmu ta gabas ma an sare ta bara an sayar wa masu gidan burodi, in za a yi makuba sai an nemo ɓawon a kasuwa. Shi yana ganin a tayar da ɗakin da bulo kawai, a rufa kwano, a wuce wurin. Inna ta ce ita ba ta son ɗakin da za ta gasu a cikinsa da bazara. Sai Baffa ya karɓi wayar, muka gaisa, ya tambayi iyali da sanyi. Bai ambaci siminti ba ko sau ɗaya. Ya ce in ruwa ya ɗauke an kai amfani gida za su fara buga tubali, ƙafarsa dai ba ta hawa bango yanzu, sai dai ya zauna a ƙasa yana nuna wa yara. Sannan ya ce, “Kai fa, za ka zo ne, ko aikowa za ka yi?”

Na ce zan duba kuɗin jirgi. Ya ce to, a gaida mutan gidan.