Shokazobar da Bature ya jefar ita muke kira Beljiyom

Shekaranjiya da daddare ƙanina ya kira ni daga Kano, ko gaisawa bamu gama ba yace Yaya motar Baba fa ta dawo da kukan nan, da an faɗa rami sai kaji gwaf gwaf daga gaba kamar ana buga ƙofa. Corolla ce 2006 'yar Amurka, kuma wata huɗu kacal kenan da na tura kuɗi aka canza shokazoba biyu na gaba. Nace wacce iri kuka saka? Yace Beljiyom mana, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, giredi wan, mai shagon har rantsuwa yayi. Nayi shiru kawai, don ni yanzu duk wanda yace min Beljiyom akan kayan ƙafar mota wani hoto ne yake faɗo min a rai, kuma shi zan baku labari.

Shekara bakwai kenan ina Birmingham ta Ingila, Toyota Avensis nake ja, tsohuwa ce amma tana kaini aiki tana dawo dani. A ƙasar nan duk motar da ta wuce shekara 3 dole duk shekara a kaita gwajin da suke cewa MOT, kuɗin baya wuce fam 54.85, kuma ba irin namu bane da za'a haɗo maka takardar lafiyar mota cikin sauran takardu alhali ko ƙarƙashinta ba'a leƙa ba. Ɗaga ta ake sama, mutum ya shiga ƙasa da tocila da ƙarfe yana banƙarar boljoyin (mahaɗin da ke riƙe taya a jikin ƙafar mota) da bushin (robar da ke tsakanin ƙarafunan ƙafar) ɗaya bayan ɗaya. Shekara ta ta biyu motar ta faɗi gwajin, kun san akan me? Robar da ke rufe boljoyin ce ta yage. Boljoyin ɗin lafiyarsa ƙalau baya ko motsi, amma mai gwajin yace tunda ƙasa da ruwa zasu shiga su wanke giris to an gama, ba ta hau titi sai an gyara. Wallahi a ranar haushi naji, nace a raina a gida motoci nawa ne ke zuwa Legas su dawo da robar da ta yage tun zamanin Obasanjo. Sai daga baya na yarda mutumin yana da gaskiya, don sau da yawa motar da ka gani a bakin hanyar Zariya taya ta lanƙwashe ta shige ciki, mutane sun taru ana salati, daga wannan 'yar robar labarin ya fara. Ana ta tsokanar masu Honda wai motar cire ƙafa, ni a ganina yawanci jabun boljoyin ne da rashin duba roba, a Japan da Amurka ai ana hawan su.

To a gwaji na gaba aka rubuta min shokazobar baya ɗaya ta fara jiƙewa da mai. Bakaniken da nake zuwa wajensa yace gara a canza duka biyun, ba'a canza ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba gefe guda zai riƙe gefe guda ya saki, a kwana ko a birki zaka ji motar tana karkacewa. Aka canza. Ina tsaye ya ɗauki tsofaffin ya wurga cikin wani katon kwandon ƙarfe a bayan gareji, na leƙa ciki naga shokazoba sun fi talatin, lowa am (ƙarfen ƙasa da ke riƙe ƙafar mota), sifirin da ya karye, duk tsatsa ta ci su saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi. Nace ina ake kai waɗannan? Yace masu gwangwan suna zuwa su kwashe. Na taɓa zuwa wajen da ake farfasa motoci neman madubi, na tarar ana loda kwantena da injina da giyabos da ƙafafun mota sukutum, kuma duk wanda ya san harkar ya san Afirka da yawan su suka nufa. Tun ranar nake cewa abin da aka ciro saboda ya gaji ko motar ta faɗi gwaji, in aka wanke shi da fetur aka fesa baƙin fenti, shine muke layi muna saye da sunan orijinal.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nayi duk kayan Beljiyom banza bane. Motar da tayi hatsari tana sabuwa aka farfasa ta kayanta masu kyau ne, kuma inji, ƙofa, rim, ko wancan ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa, waɗannan na hannu ba laifi in ka duba ba tsagewa ba lanƙwasa. Amma shokazoba mai ne da iskar gas a ciki da 'yan bawul da robar da ke hana yoyo, bushin kuma roba ce zalla, abubuwa ne masu tsufa ko ana hawa ko ba'a hawa, kuma babu mita a jikinsu da zata gaya maka kilomita nawa suka ci. Wannan dannawar da mai shago yake yi da hannu yace Alhaji kalli yadda take dawowa, abin da take nuna maka kawai akwai sauran gas, bata gaya maka yadda zata yi ba in mota na gudun 100 da mutum biyar da buhun shinkafa a but. Balle waɗanda ake hudawa a ɗura musu mai a toshe. Kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Kuma mutane da yawa basu san aikin ta ba, suna ɗauka ita ke ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ita aikinta ta hana shi yin ta tsalle, ta danne taya ta zauna a ƙasa. In ta mutu taya na tashi tana sauka, birki baya kamawa da wuri, tayar ta cinye wani waje ta bar wani waje, sai ka sake sayen taya kana zagin mai taya.

Amma fa na san dalilin da yasa muke gudun sabo, ni ma a gida Najeriya na tashi. Ka shiga kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa ko Panteka ko Apo ko Ladipo kace kana son sabuwar shokazoba, za'a ɗauko maka kwali mai sheƙi an rubuta KYB, sunan kamfanin Japan mai ƙera shokazoba, a ɗauko wani shima KYB, kuɗin wannan rabin na wancan, ka tambaya ace wannan na Dubai ne wancan na Chana. Boljoyin 555 ma haka, asalin sa na Japan ne kuma mai kyau ne, amma jabunsa ya kusa fin na gaskiyar yawa a idona. Mutum yayi ta saka sabo yana mutuwa a wata biyu dole yace gara tsohon Bature. Tsugune dai bata ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A nan bambancin ba wai Turawa sun fimu tsoron Allah bane, a'a, risit ne da garanti. Ka bada lambar motar ka a kanti kwamfuta ta fito da ainihin kayan da ya dace da ita, su jera maka mai araha da matsakaici da mai tsada, in ya lalace cikin lokacin garanti ka dawo da takardar ka. A nan na fara sanin cewa kamfanin mota ba shi yake ƙera yawancin kayan nan ba, KYB na yi wa su Toyota, Sachs da Lemförder waɗanda duk ƙarƙashin ZF na Jamus suke suna yi wa motocin Jamus, wato zaka iya sayen na kamfanin da ya yi na asalin a kwalinsa da sauƙin kuɗi akan na dila.

Akwai kuma lissafin kuɗin aiki, wanda shine ya juya komai. Garejin da nake zuwa fam 60 ne awa ɗaya kuma wai shi mai sauƙi ne, to wa zai sayi linkej (ƙaramar sandar da ke haɗa ƙafar mota da ƙarfen hana tangaɗi) na banza ya biya kuɗin aiki sau biyu? Dole ka sayi mai kyau tun farko. A gida kuɗin aiki ba komai bane akan kuɗin kaya, sai mutum ya gwammace ya sayi na araha yayi ta komawa, a ƙarshen shekara in ya haɗa lissafi ya biya kuɗin orijinal har da ɗori, ga tayoyin da suka tafi a banza. Araha bata ado. Abin da yafi bani mamaki hanyoyin mu ne suka fi buƙatar kaya mai kyau, ba nasu ba. Nan ma akwai ramuka kullum suna ƙorafi a rediyo, amma in suka ga hanyar unguwar mu da damina sai su nemi gafara.

Inda namu suka fi su kuwa dole in faɗa. Bakaniken nan in bushin ɗaya ya tsage ba ruwansa, lowa am gaba ɗaya zai ce a saya don baida lokacin matsewa. Ogan da yake duba motar Baba zai fitar da bushin ɗin ya matsa sabo, ƙarfen yana nan, kuma ya zaga da mota sau ɗaya ya gaya maka tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) ne ko linkej da kunne kawai. Wannan basira ce. Matsalar yaran gareji ce da wasu ƙananan abubuwa da suke kashe ko orijinal ɗin. Na sha gani da idona yaro ya kama sandar shokazoba mai sheƙin nan da filaya don ya ɗaure noti, ya karce ta, wannan karcewar ita zata yanka robar ciki mai ya fara zuba, sai ace kayan ne jabu. Ko a ɗaure notin bushin tamau mota na rataye akan jak, da an sauke ta robar ta murɗe ta zauna a haka har ta yage, alhali sai nauyin mota ya sauka akan taya ake ɗaurewar ƙarshe. Ga mayar da tsohuwar robar kare ƙura da ta yayyage, a garin da harmatan ke cika ko'ina da ƙasa. Ga fita daga gareji ba'a je alaimen, wato saita tayoyi, ba wai sai an samu kuɗi.

Sannan maganar lamba. Corolla ta Amurka da ta Turai shekara ɗaya ba lallai ƙafar su ta zama ɗaya ba, mu kuma sai a ɗauki tsohuwar a kai kasuwa a gwada da ido, in ramukan noti sun yi daidai shikenan, in basu yi ba a ɗan faɗaɗa da dirila. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, tana nan a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, da ita ake gano ainihin lambar kayan, kuma shokazoba ta gaskiya zaka ga lambar ta a buge a jikin ƙarfen ba a takardar da aka manna kaɗai ba. Walda mai tsafta, nauyi a hannu, kuma in kuɗin ya yi daɗi da yawa ka ajiye musu kayan su.

Shi ƙanin nawa nace ya ɗauko min hoton lambar shasin, ya turo, na sayi biyu na gaba da robobin su da abin da suke zama a kai daga sama. Na so in bawa wani ɗan uwa da zai tafi hutu ya tafi dasu a jaka, ashe jirgi baya yarda saboda gas ɗin da ke ciki, dole sai kago ta ruwa, sunce sati shida zuwa takwas. Na roƙi Baba ya bar zuwa Gwarzo da motar kafin nan, yace to, amma na san shi, ranar Juma'a zai ce ai a hankali zai tafi. Ƙanina kuma na gaya masa ranar da za'a saka ya tsaya akan su da kansa, in yaga filaya ta nufi sandar nan ya kira ni a bidiyo in yi magana da Oga.