Hancin da Kuka Raina

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata.

An ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma haka ne, gishiri aikin harshe ne. Amma harshen nan abu biyar kacal ya iya rarrabewa: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, sai wani ɗanɗano irin na romon nama da masana ke kira umami. Duk sauran abin da kuke kira daɗin abinci ta hanci yake zuwa. Ku gwada da kanku. Ku toshe hanci da yatsu biyu, ku jefa alewa mai ɗanɗanon lemo a baki, ku tauna. Zaƙi da ɗan tsami kawai za ku ji. Ku saki hancin, nan take lemon zai bayyana, domin iskar bakin ta samu hanyar hawa ta bayan maƙogwaro. Wannan gaɓar ce kuke banka wa hayaƙi, kuke ɗura mata duk maganin da hannu ya kai gare shi, wasu ma har su cusa ta cikin gwangwanin sholisho.

A can ƙololuwar ramin hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wata 'yar fata mai laima wadda girmanta bai wuce kan sarki ba. Miliyoyin ƙwayoyin jijiya ne shimfiɗe a kanta, ɗauke da nau'in makarɓar ƙamshi kusan 400. Masana kimiyya Linda Buck da Richard Axel ne suka gano tsarin makarɓan nan a 1991, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Zaren jijiyoyin suna ratsa wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya, su shiga ƙwaƙwalwa. Abin da ido ya gani, da wanda kunne ya ji, da wanda fata ta taɓa, duk sai sun tsaya a wata tasha da ake kira talamas an tantance su kafin su wuce. Ƙamshi ba ya jiran wannan layin. Kusan kai tsaye yake faɗawa amigdala, inda tsoro da fargaba da shauƙi ke tasowa, da maƙwabciyarta hifokamfas, ma'ajiyar abubuwan da suka wuce. Shi ya sa a harkar ƙamshi zuciya take riga hankali. Mutum ya buɗe akwatin da ya shekara goma a rufe, ƙamshin mayafin mahaifiyarsa ya buge shi, kafin ya tambayi kansa ƙamshin mene ne wannan, hawaye sun riga sun sauko. Abin da ya taɓa hanci, dama ido ke ruwa.

A wani bincike da aka yi a Stockholm ta ƙasar Sweden a 2006, an ba dattawa kalmomi da hotuna da ƙamshi, aka ce kowa ya faɗi abin da ya tuna. Kalmomi da hotuna sun fi kai su zamanin samartaka. Ƙamshi kuwa ya mayar da su can baya, kafin su cika shekara 10. Ma'ajiyar hanci tana buɗewa da wuri ƙwarai. Jariri ma a makon farko yana juya kai wajen ƙamshin mahaifiyarsa.

Hanci ba ya zuwa duniya da jerin abin so da abin ƙi a cike. Yawanci koya yake yi, kuma ta haɗi yake koya: ƙamshi kaza ya zo tare da yanayi kaza, sai a ɗaure su wuri guda. Masaniyar ƙamshi Rachel Herz ta nuna haka a 2001. An ba mutane sinadari ɗaya su sansana sau biyu. Da aka ce musu cuku ne suka ce ba laifi, da aka ce musu amai ne suka yamutsa fuska. Kuma haɗin farko ya fi kowanne wuyar kwancewa. Wanda ya taɓa cin wani abu ya kwana yana amai, ko bayan shekara ashirin ya ji ƙamshinsa sai zuciyarsa ta tashi.

To kai ɗan'uwa da kake fama ka daina sigari, ko shisha, ko ƙwaya, ka san cewa hancinka ya haddace komai. Ka yi wata uku lafiya lau, ranar da ka ɗauko tsohuwar riga mai warin hayaƙi sai kwaɗayin ya taso maka kamar jiya ka bari, ka zauna kana zargin kanka da rashin zuciya. Tsohon haɗi ne ya motsa. Don haka ranar da ka yanke shawara, ka wanke duk tufafinka, da zanen gado, da rigar filo, da labule, ka shanya katifa a rana, ka goge cikin mota in kana da ita. Turaren da kake fesawa don ɓoye warin, shi ma ka rabu da shi, domin ya riga ya zama ɗan gidan. Haka ke 'yar'uwa da soyayya ta watse miki, kina ajiye da kwalbar turaren da ya ba ki, kina buɗewa kullum da dare: gyambon kike sosawa. Ki bayar da ita.

Kuma ku daina yi wa mutane dariya a kan abin da ba ku sani ba. Wanda ya tsira daga gobara, ƙauri kaɗan zai sa gumi ya karyo masa. Wanda ya ga mummunan hatsari, ƙarnin jini ko warin fetur na iya sa ƙirjinsa ya riƙa dukan tara-tara. Ba raki ba ne. Ku fitar da shi inda iska take, ku kira sunansa, ku tuna masa inda yake da ranar da ake ciki. In abin yana hana shi barci ko fita, likitan ƙwaƙwalwa yana da hanyar warware irin wannan haɗi a hankali.

Haɗin nan ana iya mora da shi. A jami'ar Lübeck ta Jamus, a 2007, an sa ɗalibai haddace wuraren katuna suna shaƙar ƙamshin wardi, aka sake busa musu ƙamshin suna cikin barci mai nauyi, washegari suka fi tunawa. Mai son gwadawa ya zaɓi ƙamshi guda wanda bai saba da shi ba, ya ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a hankici, ya ajiye kusa da shi lokacin karatun darasi ɗaya tak, ya sa shi gefen filo da dare, ya tafi da shi ranar jarrabawa. In ya yi amfani da shi a ko'ina, haɗin ya lalace. Taimako ne ɗan kaɗan, kuma abin da ba a karanta ba babu turaren da zai tuno da shi. Haka batun man lavender da 'yan'uwansa da ake tallatawa don kwantar da hankali: wasu suna samun ɗan sauƙi, amma ba su maye gurbin maganin ciwon damuwa. Kada a sha su, kada a shafa su a fata ba a sirka da wani mai ba, kuma a nisanta kafur da man bishiyar turare daga fuskar jarirai, suna iya taɓa numfashinsu.

Sai aibin hanci, wato sabo. Sabo turken wawa. Cikin 'yan mintuna hanci yake daina ba da rahoton ƙamshin da ya zauna. Ka fesa turare, bayan minti goma ka daina ji, sai ka ɗauka ya gudu, ka ƙara, ka sake ƙarawa. Kai ba ka ji, amma na kusa da kai a mota ko aji yana haɗiyar wuya, mai asma yana laluben abin shaƙarsa, mai ciwon ɓarin kai ranarsa ta ɓaci. Fesa biyu ko uku sun isa. Ta ɗaya gefen kuma, sabon nan ne ke hana ka jin hamamin jikinka da warin bakinka da na ɗakinka. Gumin hammata shi kansa ba ya wari. Ƙwayoyin cuta ne da ke kan fata suke cinsa su fitar da hamami. Turare a kan wannan ƙari ne a kan matsala. A wanke da sabulu, a bushe sosai, a rage gashi, a canza rigar ciki kullum, kuma maganin hana gumi ya fi kamawa in an shafa shi da dare a busasshiyar fata. Warin baki yawanci daga can bayan harshe yake, inda buroshi ba ya zuwa sai an kai shi da gangan. Don gwada bakinka, ka lashi bayan hannunka, ka jira ya bushe, ka sansana. Ɗaki kuwa, ka fita na rabin awa ka dawo, numfashin farko shi ne gaskiya. In ka ji warin fumfuna, nemo inda laima take, kada ka rufe ta da turare.

Akwai inda dogaro da hanci ke kisa. Iskar gas ta girki ba ta da wari. Wani sinadari mai ɗoyi ake zuba mata don a gane tana yoyo. Fashewar wata makaranta a garin New London na jihar Texas ta Amurka a 1937, wadda ta ci kusan mutum 300, yawancinsu yara, ita ta sa aka wajabta hakan a can. In ka ji warin nan, kada ka kunna wuta, kada ka taɓa makunnin lantarki ko don kashewa, ka rufe kan tukunyar gas ɗin, ka buɗe ƙofa da taga, ka fita. In warin ya ragu alhali ba ka gyara komai ba, hancinka ne ya gaji. Kabon monoksaid, iska mai guba da janareta da gawayi ke fitarwa, ba shi da wari ko kaɗan: ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Janareta waje ake ajiye shi, nesa da taga, gawayi kuma ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskar ramin masai da tsohuwar rijiya tana warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ce, amma in ta yi yawa sai ta kashe jijiyar hancin, mai shiga ya ce ai babu komai. Haka ake rasa mutum biyu, uku, kowa ya bi ɗan'uwansa don ceto. Sannan hanci ba ya tashin mai barci. An gwada wannan a jami'ar Brown ta Amurka a 2004, ƙara ta tashe mutane, wari mai ƙarfi ya kasa. Na'urar ƙarar hayaƙi ita ce mai gadin dare.

Ba a san darajar jin ƙamshi ba sai ya tafi. Annobar korona ta 2020 ta koya wa miliyoyin mutane haka. Abinci ya koma kamar tauna takarda, wasu su rame, wasu su riƙa labta gishiri da sukari don neman daɗin da ya ɓace. Uwa ta rungumi jaririnta ba ta jin komai. Mutum ya shiga zargin kansa ko yana wari, ya janye daga jama'a. Shi ya sa ciwon damuwa ya yawaita a cikin masu wannan lalura. Wasu kuma in jijiyoyin sun fara farfaɗowa sai su haɗu a karkace, nama ko albasa ko kofi su riƙa yi musu ɗoyin mushe. Abin da ban tsoro, amma sau da yawa alamar warkewa ce ta fara.

Wasu sababban a hannunku suke. Hayaƙin taba yana dakushe hanci a hankali. Sholisho da fetur da tina suna ƙona fatar nan, su wuce su ci ƙwaƙwalwar kanta. Faɗuwa a babur ba hular kwano, ko da ƙeya ce ta bugu, tana iya girgiza ƙwaƙwalwa ta tsinke zaren da suka ratsa ƙashin rariyar nan, kuma irin wannan ba kullum yake dawowa ba. Maganin feshi na buɗe hanci in ya wuce kwanakin da aka rubuta a takardarsa, da yawa kwana 3 ne, sai ya mayar da toshewar ta fi ta da, mutum ya zama bawansa. Maganin mura na hanci mai sinadarin zinc kuwa, tun 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansa saboda mutanen da suka rasa jin ƙamshi.

Sa'ar da aka yi ita ce jijiyoyin hanci suna cikin ƙalilan da jiki ke sabuntawa har tsufa, kuma ana iya horar da su. Masanin ƙamshi Thomas Hummel na Dresden ta Jamus ya wallafa hanyar a 2009, da ƙamshi huɗu: wardi, lemon tsami, kanumfari da man bishiyar turare. A zuba kowanne a ƙaramar kwalba mai murfi, a kan auduga. Safe da yamma a buɗe ɗaya, a sansana a hankali kamar daƙiƙa 20 ana kawo abin a rai, a ɗan huta, a ɗauki na gaba. Aƙalla mako 12, in da hali a zarce. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su zuƙa da ƙarfi, wanda ke wuce da iskar huhu, ko su yi mako biyu su ce ba ya aiki. In toshewa ce matsalar, a wanke hanci da ruwan gishiri: cokalin shayi ɗaya a rabin lita. Ruwan dole a tafasa shi aƙalla minti ɗaya ya huce, domin akwai wata ƙwayar cuta a ɗanyen ruwa da ke bin jijiyar hanci ta hau ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kamawa ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Idan jin ƙamshi ya ɗauke ya wuce mako uku zuwa huɗu, a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Wani lokaci tsiron nama ne ya tare hanya, kuma ana maganinsa. In ɓangare ɗaya ne ya toshe yana jini, ko ruwa garau yana ɗiga daga hanci bayan buguwar kai, wannan ba na jira ba ne. Ku kuma sa ido a kan iyayenku. Dattijon da ya daina jin ƙaurin tukunya, ko yake cin abin da ya lalace bai sani ba, ku raka shi asibiti ku faɗa wa likita da bakinku, domin cutar Parkinson da ta mantuwa ta Alzheimer kan fara taɓa hanci shekaru kafin rawar hannu ko mantuwar ta bayyana. Kafin ranar ganin likitan, wani ya riƙa duba masa tukunyar gas da abincin da ya kwana.