"Bar min komai" ɗin nan ne ya kashe ni

Wallahi raina a ɓace yake, in ban amayar da abin nan ba ciwo zai zame min. Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗi ina danne zuciyata don kawai in haɗa kwamfutar tebur ta farko a rayuwata, wadda zan riƙa buga gem da dare in yi editin bidiyo da rana, tunda laftof ɗina da ka ɗora mata bidiyon 4K sai ta kama huci kamar za ta tashi sama. Yau sati uku kenan da sayen kayan, kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, na nan a buɗe a kan tebur, murfinsa jingine da bango, sukurori a cikin marfin kwalba, ni ko bidiyon minti ɗaya ban fitar ba.

Buƙata biyu kacal na faɗa wa mai sayar da kayan. Na ce oga gem nake so da editin, ga kyamarar da nake ɗauka da ita, ga abin da ke hannuna, ban san komai a harkar nan ba, ka zaɓa min abin da zai zauna da juna. Ko kallon kyamarar bai yi ba. Ya buga ƙirji ya ce Malam bar min komai, wannan ai sana'ata ce, ya dinga sauko da kwalaye yana karanto min lambobi, wannan sabon fitowa ne, wannan wuta ne, wannan ko shekara biyar ba za ka taɓa shi ba. Ni kuma sai gyaɗa kai nake kamar ƙadangare, ashe cinikin biri a sama nake yi.

Da ram aka fara, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi. Na zauna da dare na shimfiɗa madabod, babban allon da ake soka sauran kayan a jikinsa, a kan kwalinsa, na buɗe 'yan maƙallan nan na gefen ramin, na ɗora ram na danna, ta ƙi shiga. Na juya ta na sake dannawa, ta ƙi. Na sa manyan yatsuna biyu na matsa har bod ɗin ya ɗan lanƙwasa, Allah ne ya taimake ni na tsaya, don da na ƙara ƙarfi kaɗan da yanzu wani labarin ake. Da na haska fitilar waya sai na ga 'yar tsagar da ke ƙasan ram ɗin ba ta faɗa daidai kan ɗan tudun da ke cikin ramin ba, saura ɗan ƙiris amma ba ta hau ba. Ashe ram nau'in DDR5 ya ba ni, bod ɗin kuma na DDR4 ne, an rubuta ƙarara a jikin kwalin. Dukansu fil 288 gare su, tsawonsu ɗaya, in ka kalle su da ido kamar tagwaye, amma da gangan aka matsar da tsagar don kada wani ya cusa wannan a gidan wancan. Kuma abin da ke rikita sabon shiga irina shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na Intel ƙarni na 12 zuwa na 14, masu soket LGA1700, suna iya aiki da kowanne cikin biyun, bod ɗin ne ke yanke hukunci, wani na DDR4 wani na DDR5, da wuya ka samu mai ɗaukar duka. Da furosesan kamfanin AMD ne ma da sauƙi, soket AM4 na 2016 DDR4 ne, AM5 na 2022 DDR5 ne kawai, shi kenan. To ni ban sani ba, an yarda. Shi fa da ya ce sana'arsa ce?

Na koma washegari, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai na riga na buɗe leda. Haba jama'a! To ta yaya zan san ba ta shiga in ban buɗe ba, duba zan yi? Sai da muka yi kusan awa ɗaya ana sa-in-sa kafin ya canza min, a nan ma sanda ɗaya ya miƙo min mai gig 16, na ce ba gara biyu masu takwas-takwas ba, ya ce duk ɗaya ne sha shida sha shida ce. Ba ɗaya ba ne. Sanda biyu a rami na biyu da na huɗu hanya biyu furosesa ke samu zuwa ram, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya, kusan rabin faɗin hanyar ka zubar, kuma a gem ana jin abin. Wannan ma daga baya na gano.

Sai katin girafik, mai fitar da hoto zuwa monita. Ƙato mai fanka uku, na ɗauko shi da hannu biyu kamar jariri, na kai shi cikin kes, ƙarshensa ya daki kejin da ake ɗaura hadis, wato hard disk na ajiyar fayiloli. Yatsa biyu kawai ya rage ya shiga. Kowane kes akwai iyakar tsawon katin da yake ɗauka a rubuce da milimita, kowane kati ma an rubuta tsawonsa, lambobi biyu ne za a kwatanta wanda ko ɗan firamare zai iya, amma mutumin nan ya zaɓa min ƙaramin kes saboda gilashin gefensa da fitilu masu canza kala. Ni na ce masa fitila nake nema?

Na ce to bari in ajiye katin in kunna haka nan in ga ko sauran kayan na da rai. Na soka wayar monita ta HDMI a bayan madabod na danna maɓalli, fankoki suka juya, fitilun nan nasa suka kama rawa, monita baƙi ƙirin. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, na cire ram na mayar ya fi sau goma, na canza kebul, na cire ɗan batirin bod na jira na mayar, zuciyata na ta raya min cewa ranar da na danna ram ɗin nan da ƙarfi na fasa wani abu. Ashe harafi ɗaya ne. Furosesan da ya ba ni i5-12400F ne, kuma F ɗin nan na ƙarshe ma'anarsa babu girafik a cikinsa, in ba ka sa kati ba ko za ka shekara kana soka waya a bayan bod ba abin da zai fito. Harafi ɗaya fa, wanda da ya buɗe baki ya faɗa min da ban yi wannan zullumin ba.

Kuma F ɗin nan shi ya fi ƙona min rai a duk lamarin, don ba maganar baƙin allo ba ce kawai. Ga mai gem zalla F ba laifi, da F da babu F ƙarfinsu ɗaya, tunda dama kati zai sa. Amma ni na ce editin! Ɗan girafik ɗin da ke cikin furosesan Intel shi ke ɗauke da Quick Sync, wanda ke warware bidiyon H.264 da H.265 ba tare da an wahalar da furosesa ba. Kyamarata H.265 take ɗauka, bit 10, 4:2:2, kuma irin wannan bidiyon, katin da ya ba ni na jerin RTX 30 ba ya warware shi da kansa, girafik ɗin Intel na ƙarni na 11 zuwa sama shi ke iyawa. Wato daidai abin da aikina ke buƙata shi aka cire min. Yanzu ko komai ya tashi, in na ja bidiyo a manhajar editin Premiere Pro furosesa ne zai ɗauki nauyin da kansa yana ɗingishi, sai dai in riƙa yin furokzi, in zauna ina jiran a sauya kowane fayil zuwa mara nauyi kafin in fara yanka, abin da tun farko na gudu daga laftof saboda shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kyamarar nan fa a gabansa na ajiye ta.

Da na cire kejin hadis ɗin da ƙyar katin ya shiga, hoto ya fito, na ce alhamdulillah. Murnata ba ta yi minti goma ba. Na duba bayanan katin na ga gig 8. Ni RTX 3060 mai gig 12 na ce, shi ne ma abu ɗaya tilo da na zo da shi a kaina, don an gaya min editin na cin memorin kati. To 3060 iri biyu ne, na asali na 2021 gig 12 da hanyar memori bit 192, sai wanda ya biyo baya a 2022 gig 8 da bit 128, wato ba memorin kaɗai aka rage ba har saurinsa ya ragu. A jikin kwalin akwai 8GB ɗin a ƙasa can gefe, ban lura ba, laifina na ɗauka, amma mai sayarwa da ya ji na ce sha biyu da kunnensa ya miƙo min takwas ya yi shiru, wannan me za a kira shi? Na kira shi a waya ya ce Malam 3060 ai 3060 ne. Kamar dai yadda sha shida sha shida ce.

SSD ɗin ma, wato ma'ajiyar fayiloli, haka, M.2 ne a siffa amma SATA ne a ciki, tsaga biyu a bakinsa, ramin sama na bod ɗin ko ganinsa bai yi ba sai da na mayar da shi na ƙasa. SATA iyakarsa wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 yana kai wajen 3500, na 4.0 wajen 7000. Ya ce min "em-tu ne, mai gudu".

Fawa saflai kuwa, mai raba wa kayan wuta, tsoro yake ba ni. An manna masa 750W da manyan baƙaƙe, sunan da ban taɓa ji ba, in ka ɗaga shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai ciki, wayoyinsa sirara. Katin nan wat 170 yake ja, 550 mai kyau ya ishe shi har da saura, da ya ba ni ƙarami na kirki da ya fi min wannan ƙaton lambar. Da na yi magana sai ya nuna min tambarin 80 Plus, alhali shi wannan tambarin ƙarancin asarar wuta kawai yake nunawa, ba shaidar cewa akwai kariya mai kyau a ciki ba ce, kuma fawa in ya mutu ba lallai ya tafi shi kaɗai ba, yana iya jan bod da kati su raka shi.

Ba wai ni ban yi shirme ba, na yi. Na ɗaura fankar sanyaya furosesa da ledar da ke manne a ƙasanta, sai da na ga zafi ya haura 90 ba a komai na kwance na ga ledar ta sha man tamal fes. Ram ɗina mai gudun 3200 tana ta tafiya a 2133 don ban san ana kunna saitin gudu na XMP a cikin BIOS, wato saitin bod, ba, monita mai nuna hoto 144 a daƙiƙa kuma na bar shi a 60. Waɗannan nawa ne, sabon shiga ne ni, kuma duk na gyara su a zaune ba tare da na kashe ko sisi ba. Nasa kuwa kowanne sai an sake sayen wani abu.

Su kuma 'yan ba da shawara kada ma a yi maganarsu, yanzu da abin ya lalace kowa ya zama injiniya, wannan ya ce ai da AMD ka saya, wancan ya ce wa ke sayen 3060 yanzu, wani ya ce ai da ka tambaye ni. Ihu bayan hari. Cikinsu har yau babu wanda ya tambaye ni wace kyamara nake amfani da ita ko wane gem nake bugawa.

Wanda na yi wa alkawarin bidiyo ya kira sau huɗu, na ƙarshen ban ɗauka ba don ban san me zan ce masa ba. Gobe da safe zan mayar da kati da furosesa da fawan nan cikin kwalayensu, rasit na hannuna, na kuma rubuta a takarda abin da nake so harafi-harafi, 12400 ba F, 3060 gig 12, NVMe, ram sanda biyu. In ya sake ce min na buɗe leda, a nan gaban kantarsa zan ja kujera in zauna har ya tashi rufewa.